Garin da Mahaifin Kawu Ya Ara

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika a wani asibiti nan Guangzhou, kuma sai da muka kwana shida muna yawon takardu kafin a ba mu shi mu kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Na Allah muke, wurinSa za mu koma. Na faɗa har bakina ya bushe, amma wallahi har yau in na sauka daga jirgin ƙasa a Xiaobei sai na ji kamar zan tarar da shi a ƙofar shago yana duba agogo, yana jiran ya ce mini na makara.

A gidan abincin Hajiya 'yar Maradi da ke Dengfeng aka yi zaman makoki, don ɗakin Kawu ko tabarma biyu ba zai ci ba. Hajiya ta kife tukwanenta kwana uku, abin da ko da Sallah ba ta yi. Kanawa sun zo, mutanen Maradi da Yamai sun zo, 'yan Ghana masu kago, wato masu aika wa mutane kaya gida, sun zo. Matar nan 'yar China da Kawu ya shekara goma sha yana sayen kayan keken ɗinki a wurinta, kullum suna faɗa a kan allura, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa yadda ake yi. Sai ta nuna kujerar da yake zama ta ce, "Lawban, meyo." Lawban shi ne maigida, meyo kuwa ita ce kalmar da suke faɗa mana idan kaya sun ƙare. Daga nan ta rufe fuska da hannu, Hajiya ta jawo ta ciki.

Na ƙarshen zuwa shi ne Baturen Kanada, wani dogon dattijo mai koyar da Turanci a wata makaranta, wanda ya saba cin tuwo a wurin Hajiya. Ya cire takalmi, ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar, da muka ɗaga hannu shi ma ya ɗaga. Da aka shafa ya matso kusa da ni ya ce da Turanci, "Ban samo masa ba. Ka yi haƙuri." Mutanen da ke wurin suka ɗauka wani kaya ne Kawu ya sa shi nema. Ni kaɗai na san abin da yake nufi, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Kawu ya rasu yana da shekara saba'in da biyar bai san da wane suna aka rubuta mutuwar mahaifinsa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba daban. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya koya mini yadda ake buɗe kwali a duba na ƙasa kafin na sama. Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada wani ya zo yana cewa haka don ya mutu. Yana da mita. Shayin 'yan China da ake sha ba sukari, shi sai ya zuba cokali huɗu sannan ya ce shayinsu ba daɗi. Matattakalar nan mai tafiya da kanta kuwa har ya bar duniya bai yarda da ita ba, sai ya bi ta ƙafa, ni ina sama ina jiran sa ina cika ina batsewa. Sarkin Gaggawa yake ce mini.

Amma abin da kowa ya san shi da shi tambaya ce. Duk baƙon da ya sauka, kafin ya gama cin abinci Kawu ya jawo kujera.

"Samari, daga ina?"

"Daga Kano, Baba."

"Kano ta ina?"

"Cikin gari."

"Kai tafi can! Wannan kaushin na ƙafarka ba na cikin gari ba ne. Ina aka binne cibiyarka?"

Sai ka ga yaro ya sosa ƙeya ya ambaci wani ƙauye da ko mota ba ta shiga. Haka muke duka. Da mun tsallake ruwa kowa ɗan Kano ne, kowa ɗan Maradi ne, ba mai son a ce masa baƙauye. Kawu ba ya ƙyale mutum sai ya faɗi sunansa na yanka, da sunan ubansa, da garinsu na ainihi, ya sa shi ya rubuta a 'yar takarda ya soke a bayan fasfo. Muna yi masa tsiya muna ce masa Mai Unguwa. Ni kam kunya abin yake ba ni, na sha ce masa, "Kawu, don Allah ka bar mutane su ci abinci."

Na daina cewa haka shekarar da wani ɗan Nijar mai sayen atamfa ya rasu a masaukinsa a Sanyuanli. Kowa Ɗan Maradi yake ce masa, wayarsa a kulle, aka kira Maradi ba wanda ya san shi. Kawu ne ya ce a duba bayan fasfo. Ga takardar nan kuwa, da sunan wani ƙauye can wajen iyaka. Kafin la'asar an samu uwar yaron. Kawu ya yi masa wanka da hannunsa, kuma shi ya karɓi waya ya gaya wa tsohuwar ta wane gefe aka kwantar da ɗanta, da irin bishiyar da ke kusa. Ko a lokacin ban tambaye shi dalilin wannan hali nasa ba. Na ɗauka tsufa ne kawai.

Baturen Kanada ne ya tono dalilin, shi ma ba da niyya ba. Wata rana a watan Nuwamba ya shigo wurin Hajiya da wani jan fure na takarda a ƙirjin rigarsa. Kawu ya kalle shi sama da ƙasa ya ce da ni, "Tambaye shi, ƙato da shi, aure zai yi ne ko an yi masa kishiya?" Na fassara rabin maganar. Bature ya yi dariya, sannan ya ce a ƙasarsu haka ake yi duk shekara don tuna waɗanda suka mutu a yaƙi. Ya ce shi don ƙanin kakansa yake sawa.

Ya ba mu labarin yana cin tuwo da cokali. Garinsu ƙaramin gari ne, titi ɗaya, da rumbun alkama a bakin hanyar jirgi. Ƙanin kakan nasa ɗan manomi ne, ko gemu bai fara ba ya tafi yaƙin duniya na farko, aka kai su Faransa. Can ba a fili ake yaƙin ba. Dogayen ramuka suka haƙa suna zaune a ciki wata da watanni, ruwa har gwiwa, ga ɓeraye, abokan gaba ma suna cikin nasu ramin a tsallake. Wata safiya bam ya faɗo a inda yake. Ba a samu abin da za a binne ba. Amma a garinsu an kafa dutse a gaban gidan waya, an sassaƙa sunayen 'yan garin da ba su dawo ba, kuma duk shekara ana rufe shaguna a taru a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro waya ya nuna mana hoton dutsen, ya sa yatsa a kan layi na huɗu.

Na lura Kawu ya tsame hannu daga kwano.

"Tambaye shi, a cikin masu taruwar akwai wanda ya taɓa ganin yaron?"

Bature ya ce babu, duk sun mutu tuntuni.

"Amma suna kiran sunansa."

"Suna kira."

"Har bana?"

"Har bana."

Kawu ya tashi ya wanke hannu ya fita, ko sallama bai yi wa Hajiya ba. Na bi shi da ƙorafi, na ce ya bar nama a kwano. A kan gadar nan ta masu tafiya a ƙasa ya tsaya, motoci na wucewa ƙarƙashinmu, ya ba ni labarin da mahaifiyata ma ba ta taɓa ba ni ba.

Mahaifinsa ma a rami ya mutu, a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ɗan malami ne, kuma uban ya rantse duk ɗansa da ya sa kakin Nasara ba shi ba shi. Shi kuwa saurayi ne mai kan tsiya, ya gudu ya bar amarya da cikin wata uku, cikin Kawu ke nan. A wancan zamani idan ka je shiga soja sunanka ɗaya suke rubutawa, sai su liƙa maka sunan garin da ka ce ka fito, shi ne sunanka na biyu har ka mutu. To don kada uban ya aiko a kamo shi, sai ya ari wani gari ya faɗa musu. Bayan yaƙi wani mutumin ƙauyen da ke kusa da su ya dawo, kansa ba daidai ba, ya ce ya gan shi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya aka harbo musu wuta ramin ya rufta da su. Ba wanda ya yi tunanin tambayar sa da wane suna ake kiran mamacin a can, kuma kafin Kawu ya yi wayo mutumin ya rasu. Kakan ya hana a yi zaman makoki. Ya ce shi ba shi da ɗan da ya mutu.

"Ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba," in ji Kawu. "Shi wancan yaron na Kanada ana rufe masa kasuwa."

Washegari Bature ya zo shagonmu da kwamfutarsa. Ya ce Turawan da suka kai su yaƙin sun ajiye sunayen duk sojan da ya mutu, da baƙi da fari, ko an ga gawarsa ko ba a gani ba, kuma ana iya dubawa. Kawu ya sa tabarau, ya gyara hula kamar mai shiga gaban alƙali. Aka rubuta sunan uban, Audu. Jama'a, sai ga Audu sun cika fuskar kwamfuta, kowanne da garin da aka liƙa masa. Ga na Kano, ga na Zariya, ga na Sakkwato, ga na garuruwan da ban taɓa ji ba. Ba sunan uba, ba sunan mata, sai lamba da ranar mutuwa. Muka nemi sunan ƙauyen su Kawu, babu. Kawu ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa sau uku, sannan ya ce, "Yana cikinsu." Bature ya buga masa su a takarda.

Daga ranar Kawu ya canza. Ya rage faɗa da 'yar China mai allura. Sai ka gan shi da takardar nan yana auna ta, wai wannan garin ya yi nisa, uban ba zai san shi ba, wancan kuma akwai dangi a can, ba zai faɗa ba. Bature ya rubuta wasiƙu wurare, amsa ɗaya ce ke dawowa, sai da lambar soja ko sunan da ya shiga da shi. Wata takwas ana haka, Kawu yana ramewa a idona.

A nan na yi abin da har yanzu in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zaɓi ɗaya daga cikinsu, wanda garinsa bai yi nisa da nasu ba, na ce wa Kawu Bature ya samu amsa, an tabbatar shi ne. Don Allah na yi, na ga mutumin zai kashe kansa ne. Kawu ya yi sujada a tsakiyar shago. Ya sa Hajiya ta dafa shinkafa da rago ta sadaka, aka tara jama'a ranar Juma'a. Ni kuma, Sarkin Gaggawa, na manta ban haɗa baki da Bature ba. Yana shigowa Kawu ya rungume shi yana "tankiyu, tankiyu", shi kuwa ya tsaya yana tambayar godiyar ta mece ce, don shi bai samu wata amsa ba.

Kawu bai tozarta ni a gaban mutane ba. Ya bari aka ci aka watse, sannan ya ce in rufe ƙofa.

"Uban wani ka ba ni?"

"Kawu, na ga kana wahala ne."

"Shi wancan ba shi da nasa ɗan? Ka ɗauke shi ka ba ni kamar kwalin da aka yi kuskuren lamba?"

Ni ma zuciya ta ɗebe ni, don ba a iya mini. Na ce, "Haba Kawu! Mutum ya tafi yaƙin da ba namu ba, ya gudu ya bar ka a ciki, shekara saba'in da ɗoriya, kai kuma kana nan kana hana kanka abinci. Allah ai Ya san inda yake!"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Allah Ya sani. Ni ne ban sani ba."

Sati biyu bai yi mini magana ba, in zai ba ni saƙo sai ya gaya wa Hajiya. Ranar da ya huce bai ce ya huce ba, goro kawai ya ɓantara ya miƙo mini. Amma daga sadakar nan ya samo wata dabara. Ya ce tunda an ci shinkafar wancan bawan Allah, sauran ma suna da hakki. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya zauna a shago ya karanta su duka, kowane Audu da garinsa, ya yi musu addu'a. Masu ciniki su tsaya su jira. Idan Bature yana nan, Kawu yakan ƙare da ambaton yaron Kanada, ya ce, "Shi ma ɗan wani ne, Allah Ya fi mu sanin sa."

Ciwon ƙirji ne ya kayar da shi. A kwana na huɗu a asibiti, da la'asar, ya ce in matso. Ya ce akwai mutum ɗaya a duniya da ta san garin, kuma tana raye. Gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifin nasa. Tana 'yar shekara goma ita ta ɗauki ƙullin kayansa ta raka shi bakin hanya da asuba, ya gaya mata garin da zai faɗa, ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba sai ya dawo. Kawu yana saurayi ya tambaye ta sau ɗaya. Ta ce yayanta bai dawo ba tukuna, ba za ta karya rantsuwa ba. Shi kuma ya yi mata baƙar magana ya fita, bai ƙara taka ƙofarta ba.

Na miƙe tsaye don takaici. "Kawu! Muna ta wahalar da Bature, ashe amsa tana gida? Shekara hamsin kana gaba da tsohuwa?"

"Zauna," in ji shi. "Girman kai ne. Kira mini ita."

Na samu lambar 'yarta na yi kiran bidiyo, can gida safiya ce. Aka kai mata waya, ga ta a kan tabarma ta ƙanƙance, ido ya yi fari. Na riƙe wa Kawu tawa a gaban fuskarsa.

"Gwaggo, ni ne."

"Wa?"

"Ɗan yayanki. Na China."

Ta kai hannu tana shafa fuskar wayar. "Ɗan nan, ka tsufa. Murya kuwa tasa ce sak."

"Gwaggo, ki yafe mini abin da na faɗa miki."

"Na yafe tun ranar. Kai ne ba ka zo ka karɓa ba."

"Ba ni da lafiya, Gwaggo. Ina so in san garin da ya faɗa wa soja. Idan rantsuwar ce, zan sa a ciyar a madadinki."

Ta ce ba sai an ciyar ba, ta san yanzu ba zai dawo ba. Ta ce za ta faɗa. Na jawo biro, wallahi har na ɗora shi a kan takarda. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta kalli 'yarta. Ta ce ranar yayanta yana sanye da riga mai ruwan toka, ta ce ya ba ta rabin ƙosai, ta ce akwai raɓa a ciyawa. Ta sake buɗe baki. Sai kawai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

"Wayyo ni! Na riƙe shi, ɗan nan, wallahi na riƙe shi. Kullum sai na faɗa a zuciyata. Ban taɓa fitar da shi a baki ba. Ina ya tafi?"

'Yarta ta shiga jero mata garuruwa, ni ma na ɗauko takardar ina karantowa. Kowanne sai ta ce kamar shi ne, kamar kuma ba shi ba. Ina ji ina gani abin ya fi ƙarfinmu, ba wanda zan kama da faɗa, ba ofishin da zan je in buga tebur. Kawu ne ya ɗaga hannu ya tsayar da mu.

"Ku ƙyale ta. Ba komai, Gwaggo."

"Ka ba ni kwana biyu," in ji ta. "Zai dawo mini. Ka ba ni kwana biyu kawai."

"Na ba ki."

Kwana ɗaya Kawu ya ƙara a duniya.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa daga ƙasar da ba tasa ba. Ka yafe masa mitarsa da girman kansa, Ka saka masa da gawarwakin baƙin da ya wanke, Ka haɗa shi da uban da bai taɓa gani ba, tunda Kai ba Ka buƙatar a gaya maKa garinsu.

'Yar Gwaggo ta roƙe ni kada a gaya wa tsohuwar rasuwar, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na yi alkawari ba zan ƙara yin ƙarya a kan maganar nan ba, ga shi kuma ina yi duk mako. Ranar Juma'a ita take sa a kira ni. Jiya ma ta kira, ina tsaye a ƙofar shago.

"Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Ka ce masa ya ƙara haƙuri. Yau da asuba ya zo mini har bakin harshe. Ka ce kada ya yi fushi ya sake daina zuwa."

Na ce, "To, Gwaggo. Zan gaya masa."